Mariƙin Bindigar Sajan Dabo

Ranar wata Asabar da hantsi, cikin watan Maris, Sajan Dabo ya shigo garejina riƙe da ɗan kwali, fuska a murtuke. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Ya dire kwalin a kan teburin aikina, ya ce in duba masa wannan shiriritar da ya sayo ta intanet.

Sunana Longji, mutumin Pankshin. Shekara ashirin da biyu na yi ina goge ƙafafun kujeru a wani kamfanin kayan ɗaki a garin High Point, nan Amurka, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Da na yi ritaya sai na tare a garejin gidanmu, can gefen Sedgefield, ina 'yan sassaƙe-sassaƙena: ƙotar wuƙa, sandar dogarawa, muciya ga matan cocinmu, sai kuma mariƙin katako na ƙananan bindigogi, wanda mutanen ƙasar nan ke so kamar me. Ni ban taɓa harba bindiga ba, ba na kuma sha'awa. Ƙarfen nasu ne, itacen ne nawa.

Dabo kuwa abokina ne na shekara goma sha bakwai. A wani kantin kayan abincin gida da ke Gate City Boulevard muka haɗu, a kan ledar acca ta ƙarshe, shi ya kama kunne ɗaya ni na kama ɗaya. Ya ce ai mutumin Bauchi ma ya san acca, na ce to ya ci gaba da saninta daga nesa. Mai kantin ta raba mana ita biyu, mu kuma tun daga ranar ba mu rabu ba. Ɗan sanda ne a gida kafin ya zo, shi ya sa nake ce masa Sajan, shi kuma Kafinta yake kirana. A nan gadi yake yi a wani katafaren sito na magunguna a bayan Wendover, gadi mai bindiga. Irin wannan aiki, kowace shekara sai an kai mutum filin harbi an sake gwada shi. In ya ci, a sabunta masa lasisi. In ya faɗi, ya ajiye bindiga. Dabo yana da shekara sittin da ɗaya, bai san wani aiki ba tun yana saurayi sai na kaki, kuma saura mako uku gwajinsa.

Ya ce sau biyu yana zuwa gwada hannu, harsasan sai su riƙa sauka ƙasa da inda ya auna. Ya ɗora laifin a kan tsohon mariƙin roba, ya cire ya sayo wannan, abin kuma sai ya ƙara lalacewa.

Na buɗe kwalin. Ɓari biyu ne na jan katako, suna ƙyalli kamar an shafe su da man gyaɗa. Kyan ɗan maciji ke nan. Na sa shi ya zazzage harsasan libarbar tasa a gabana, don a garejina ba a taɓa bindiga sai na ga cikinta fayau, sannan na ɗora ɓarin biyu a jikin ƙarfen. Kai, abin takaici. Tsakanin itace da ƙarfe akwai tazarar da farcena ke shiga ya fita. Ramin sukurun ya kauce, in ka ɗaure sama ƙasa ta buɗe baki. Itacen ma bai gama bushewa ba aka yanka shi, aka lafta masa fenti mai santsi don a rufe ido, wanda da gumi ya taɓa shi zai zama kuɓewa a hannu. Na ce masa araha ba ta ado, kuma inji ne ya yanka wannan abu, inji kuwa bai taɓa gaisawa da kowa ba balle ya san yadda hannun mutum yake. Ya ce shi ba wa'azi ya zo ji ba, in wa'azi yake so ya san hanyar masallaci, in gyara masa kawai.

Na gyara. Na kankare fentin, na rage cikin da magagari, na cike ramin sukurun na sake huda shi, na bi da sanfefa har ɓarin biyu suka zauna daram. Ya ɗauka yana murna. Ranar Talata da la'asar ya dawo da takardar da ya harba, ya shimfiɗa mini ita a kan tebur. Ramukan duk sun taru a ƙasa, can gefe.

Raina ya ɗan ɓaci, don na san aikina ba shi da laifi. Na ce to a bar gyaran na wani, zan sassaƙa masa sabo daga farko, irin na gidanmu.

Mahaifina masassaƙin ƙotar fartanya ne. Bai taɓa ba manomi ƙota daga tari ba. Sai ya ɗebo jiƙaƙƙen yumɓu ya mulmula, ya ce wa mutum ya damƙe shi kamar yadda zai damƙi fartanya a gona. Abin da ya fito a jikin yumɓun, shi zai bi da gizago. Yakan ce ƙota ce ke bin hannu, ba hannu ke bin ƙota ba. Ni ma haka nake yi har a nan Amurka, da yumɓun da nake saya a kantin masu zane. Turawa suna dariya in na miƙa musu, amma in sun karɓi aikinsu dariyar takan tsaya.

Na mulmula na miƙa wa Dabo. Ya damƙe da hannun dama, ya miƙo mini.

Babban yatsa ya nutse. Manuni ya nutse, na tsakiya ma haka. Amma inda yatsu biyun ƙarshe suka kwanta, da ƙyar suka bar alama, kamar an ɗora an ɗauke. Na ce Sajan ba ƙwai na ba ka ba, matsa da ƙarfi. Na sake mulmulawa, ya sake damƙewa har jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa. Na ba shi a hagu, yatsu biyar suka nutse har yumɓun ya tsattsago ta tsakaninsu.

Na jera dunƙulen uku a kan tebur. Ya dube su, ya dube ni, sannan ya jawo kujera ya zauna. Ban taɓa ganin Dabo ya zauna a garejina ba sai ranar, kullum a tsaye yake yana kushe mini kayan aiki.

Ya ba ni labari a hankali. Wata safiya cikin Fabrairu yana alwala, buta ta suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi. Gefen fuskarsa ya yi nauyi, harshensa ma haka. Ya zauna a bakin bahon wanka kamar na rabin awa, abin ya sake shi, ya tashi ya yi sallarsa ya tafi aiki. Komai ya dawo, sai yatsun nan biyu. Hajiya Kubura, matarsa, ba ta sani ba. Babu wanda ya sani.

Na ce masa wannan ba maganar kafinta ba ce, maganar likita ce, ya tashi yanzu in kai shi. Na faɗa, Allah ya sani na faɗa. Ya ce in ya je asibiti za a rubuta, in aka rubuta kamfani zai ji, in kamfani ya ji ko filin gwajin ba za su bari ya taka ba. Ya ce ɗan kwana nawa ne ya rage. In ya ci gwajin, lasisi ya fito, sai ya kai kansa da ƙafarsa.

“Kafinta, ka rufa mini asiri,” in ji shi. “Ban taɓa roƙonka komai ba.”

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Lokacin da aka yi wa matata Yemima aiki a ido, shi ya riƙa kai ta yana dawo da ita, don ni ina kamfani. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a gida ban samu zuwa ba, Dabo ne ya zauna da ni kwana uku a falo, Musulmi a tsakiyar 'yan coci suna waƙoƙi, bai ko motsa ba. Mutumin da ya yi maka haka ya ce ka rufa masa asiri, da wane baki za ka ce a'a?

Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kaina. Amma akwai na biyu, kuma tunda na fara magana bari in ƙarasa. Yana cikin roƙon nan, ni idona yana kan yumɓun, kaina ya riga ya fara aiki. Ina tunanin inda zan ɗaga tudu, inda zan rage. A shekarun nan duka ba a taɓa kawo mini aikin da ya motsa ni irin wannan ba: mariƙin da zai sa yatsu uku su yi aikin biyar. Daɗi na ji. Abokina yana gaya mini jikinsa ya fara mutuwa, ni ina jin daɗin aiki ya zo.

Ina da wani guntun itacen maɗaci da ƙanena ya sako mini a akwati daga Jos shekara tara da suka wuce. Ya bushe ƙayau, in ka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa. Na daɗe ina ajiyarsa ban san wa nake jira ba. Shi na ɗauko.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa. Na fara da ciki, inda itace ke haɗuwa da ƙarfe, ina shafa wa ƙarfen baƙin fensir in danna, duk inda baƙin ya taɓa in kankare kaɗan, har sai da ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Sannan na dawo waje. Na bar tudu a gefen da ke cika tafin hannu, don tafin ya ɗauki nauyin da yatsu suka kasa. Na haƙa wa yatsan tsakiya gurbi mai zurfi da 'yar baranda a ƙarƙashinsa, ya zama shi ne ƙugiya. Yatsu biyun nan kuwa na yi musu wurin kwanciya kawai, na rage kaurin ƙasan yadda za su naɗe ba sai sun matsa ba. Na tsaga masa ƙananan zane a gicciye don kada ya zame. Ban sa fenti ba, mai na riƙa shafa masa da tafin hannuna ina bari ya sha, har sau bakwai.

Yemima ta leƙo wata rana da kofin kunu, ta ɗauki ɓari ɗaya ta juya shi. Shekara arba'in tana ganin aikina, idonta ya waye. Ta ce wannan mariƙi kamar na mai ciwon hannu. Na ce mata ta bar abin da ba ta sani ba, sabon yayi ne. Ta ajiye ta fita. Ban saba yi mata ƙarya ba.

Ranar da Dabo ya zo karɓa, na ɗaura masa, ya damƙa. Ya ɗaga ya auna bango, ya sauke, ya sake ɗagawa. Hannun bai yi rawa ba. Ya ce wallahi kamar da shi aka haife shi. Ni kuwa kaina ya kumbura, har na manta abin da muke rufewa.

Ya ci gwajin. Ba ci na da ƙyar ba, malamin harbin ma sai da ya karɓi bindigar ya juya ta, ya tambayi wanda ya yi aikin. Dabo ya biyo ta gidana da tsire cikin takarda, muka ci a gareji muna dariya kamar yara. Na tuna masa maganar asibiti, ya ce mako mai zuwa. Bayan mako biyu na sake tunawa, ya ce azumi ya matso, bari a sha ruwa. Bayan Sallah na taɓo maganar a waya, ya ce Kafinta ka zama likita ne yanzu, ai ga shi garau yana aiki. Na yi dariya na bar shi. Sau uku ke nan, na ƙirga su, na sha ƙirga su. Na huɗu bai zo ba, don a raina na ɗauka matsalar ta wuce. Ai na gyara. Har hoton mariƙin nake nuna wa mutane a waya bayan an tashi daga coci.

Da a ce na ɗauki waya na kira Hajiya Kubura, da minti biyu ya isa. Na san lambarta. Tana aiko mana da dambu, Yemima tana aika mata da gwate.

Ranar wata Alhamis cikin Agusta, wajen ƙarfe biyu na rana, wayar Yemima ta yi ƙara muna cin abinci. Ina jin muryar Hajiya daga inda nake zaune. Dabo ya faɗi a wurin ajiye motoci na wurin aikinsa, da makullin mota a hannu. Wani direban babbar mota ne ya gan shi ya kira motar asibiti.

Bai mutu ba. Wani lokacin ina cewa gara haka, wani lokacin ban san abin da zan ce ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye gaba ɗaya. Magana ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu, su ma sai ka kasa kunne. Mutumin da muryarsa ke cika kanti in yana ciniki. Ya yi mako uku a asibiti, ya yi shida a gidan gashin ƙashi, sannan aka maido shi gida a keken guragu. Na je asibitin sau da yawa, amma kullum cikin jama'a nake shiga, in tsaya a baya, in fito tare da su. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Sai da Yemima ta ce mini abin kunya ne, abokinka yana gida mako biyu ba ka je kai kaɗai ka zauna da shi ba. Na shirya na tafi wata Laraba da azahar.

Na same su a falo. An kawar da teburin tsakiya don keken ya samu hanya. Dabo yana zaune kusa da taga, an ɗaura masa tawul a wuya, hannun daman yana kan cinyarsa a naɗe. Ya rame. Hajiya tana ba shi fate da cokali, rabi yana shiga rabi yana dawowa ta gefen baki, tana sharewa. Da ya gan ni idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ƙoƙarin cewa Kafinta, rabin kalmar ce ta fito.

Hajiya ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi Maman Ilham, haka take kiran Yemima saboda 'yarsu Ilham a hannunta ta girma. Ta yi ta godiya, wai a duk abokansa ni ne na tsaya masa lokacin gwajin nan, ya yi ta yabon aikina har ta gaji da ji. Ina zaune ina jin kowace kalma kamar ana zuba mini garwashi.

Daga nan ta gangaro kan maganar likita. Ta ce sun ɗauki hoton kansa, sun ce wannan ba shi ne na farko ba. Akwai tabon wani ƙarami da ya riga ya zo watanni kafin nan. Likitar ta ce irin wannan gargaɗi ne, da an kawo shi a lokacin an ɗora shi kan magani, an kama hawan jinin, da wataƙila babban bai zo ba. Sun yi ta tambayarta ko ta ga wata alama. Ta ce ita ba ta ga komai ba. Shekara talatin da huɗu tana zuba masa abinci, tana wanke masa kaki, amma ba ta gani ba. Ta ce abin da ke hana ta sukuni ke nan, wace irin mata ce ita.

Ta ajiye cokalin a cikin kwano ta dube ni.

“Baba Longji, kai da kuke tare kullum, ka taɓa lura da wani abu?”

Na dubi Dabo. Yana kallona, yana ɗan girgiza kai, iya abin da wuyan zai iya. Har yanzu asirin yake so a rufe. Na riga na rufa masa sau ɗaya, ga abin da ya haifar a gabana da tawul a wuya. Ga kuma baiwar Allah tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Na ce, “Na lura, Hajiya. Tun watan Maris. Shi ya gaya mini da bakinsa.”

Na faɗa mata duka. Butar da ta faɗi, yatsu biyun, roƙon da ya yi mini, da yadda na sassaƙa mariƙin don kada kowa ya gane. Ban rage komai ba, har daɗin da na ji. Dabo ya rufe ido, hawaye yana bin gefen fuskar da ba ya motsi.

Na zaci za ta yi kuka, ko ta nuna mini ƙofa. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ƙirga a yatsunta, a hankali, daga Maris zuwa Agusta, leɓenta yana motsi. Ta kai biyar ta tsaya, ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ɗauki tawul ta share wa mijinta fuska, ta gyara masa wuyan riga.

Ta zare cokalin daga kwano, ta goge shi tas, ta miƙo mini ta wajen mariƙin. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce masu gashin sun ce dole ya koyi ci da hagu, amma cokalin ya yi masa siriri, yana zame masa, shi kuma kunya yake ji a riƙa ba shi a baki.

“Tunda ka iya auna hannu,” in ji ta, “ga wanda ya rage masa. Ka auna.”

Na karɓi cokalin. Ta ɗauki kwanon ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo, ruwan ya yi ta zuba ba a wanke komai.

Na jawo kujerata kusa da keken, na kama hannunsa na hagu. Ya damƙe nawa da yatsu biyar, da ƙarfi, bai buɗe ido ba.